Fanka Ya Ce A Yanka

Wannan magana dai Yaya ta ce kar wanda ya sake tayar da ita, amma ai duk layin sun gani da idonsu, har da waɗanda ba a kira ba.

Akwai wani mutum mai gyaran fanka. Tebur ɗaya gare shi a ƙarƙashin matakalar wani bene, sai sukundireba da salatif da tulin fankokin mutane da suka ƙarasa mutuwa a hannunsa. Kowa Fanka yake ce masa. Shi yana ɗauka saboda sana'a ne, alhali kuwa saboda in ya fara magana kansa sai ya dinga juyawa dama da hagu, kuma ba abin da ke fitowa sai iska.

Ba shi da mata, ba shi da gida. Wani ɗan ɗaki ne a bayan gidan yayarsa, kusa da tankin ruwa, nan yake kwana. Yayar nas ce a asibiti, mace ce da ba ta maimaita magana. Tun ranar da ya haɗa fanka da injin wankinta, iskar ta kwashe labule da kalanda da ɗankwalin baƙuwa, ta tsaya a ƙofar ɗakin ta ce masa, "Auta, ka ga ɗakin nan? Saura ƙiris. Ka sake yi min gwaninta ɗaya a gida, katifarka a titi za ka same ta." Ya ce, "Haba Yaya, ai an daina." Kuma da gaske ya ji tsoro, don in ta kore shi ba inda zai sa haƙarƙarinsa sai ƙarƙashin matakala, shi ma rabi na mai faci ne.

To ranar nan da rana yana zaune a shagon Mai Aski, shi da Tela da Mahauci, aka saka wani fim na ban tsoro, irin wanda wasu ƙarti ke rufe fuska su shiga gidan mutane. Mai Aski ya daɗe yana zuga shi, wai wanda ya kalla sai ya kwana da fitila. Aka fara. Ƙartin suka tsaya a waje suna kallon taga. Matar gidan ta kulle ƙofa, ta buɗe ta leƙa, ta sake kullewa. Mijin ya je ya dubo, ya dawo ya ce ba komai. Ya sake zuwa ya dubo. Daga nan aka shiga duhu, ba abin da kake gani a talabijin sai fuskarka da ta na kusa da kai. Ana cikin haka sai rubutu ya fara hawa.

Tela ya farka ya goge miyau. Mahauci ya ce, "An fara?"

"An gama," in ji Mai Aski, murya ƙasa-ƙasa.

Sai Fanka ya miƙe, kai ya fara juyawa. "Wannan ne tsoro? Wannan? Wallahi tsohuwar fankar da ke kan teburina in ta fara kuka ta fi shi ban tsoro. Ni in na yi nawa, namiji mai gemu sai ya nemi zanin uwarsa ya ɓuya."

Mai Aski ya ce, "Kai da kyankyaso ya kora daga banɗaki ba wando?"

"Wannan mai tashi ne! Kuma ba gudu na yi ba, hanya na ba shi."

"To yi mana naka mu gani, Darakta."

Da gatse ya faɗa, amma kalmar ta shige Fanka har ƙashi. Darakta. Ya maimaita ta a ransa, ya ji ta zauna masa kamar hula sabuwa.

"Kun san abin da ya kashe fim ɗin can?" ya ce. "Matar ta san wasa ne. Tsoron ƙarya take yi. Ni nawa, wanda za a shiga wa gida ba zai sani ba. Tsoro ɗanye, daga gona."

Tela ya ce, "Gidan wa za a shiga?"

Nan Fanka ya yi lissafi. Gida ɗaya ne a duniya da zai iya shiga ba a kira masa 'yan sanda ba. Ya tuna katifa, ya tuna titi. Amma ga Mai Aski yana kallonsa yana murmushi da almakashi a hannu.

"Gidanmu," ya ce. "Yaya tana wurin aiki har yamma. Inna ce kaɗai. Mu shiga, ta ƙwalla ƙara ɗaya, mu fito, in share wurin. Ko ƙuda ba zai sani ba."

Inna ita ce mahaifiyarsu. Ta tsufa, kunne ya yi nauyi, amma ido garau, tana hango allura a ƙasan gado.

Washegari suka haɗu a bayan gidan. Fanka ya ɗauko rigunan filo guda biyu daga kan igiyar shanya, masu furanni ja da shuɗi, ya ba Tela ya huda musu idanu. Tela ya huda ba tare da ya auna ba, wai ido ai ido ne. Tasa ta zo daidai. Ta Mahauci kuwa ramukan suka tsaya a goshi, sai ya ɗaga kai sama kamar mai neman wata kafin ya ga gabansa.

"Ya fi ban tsoro," in ji Fanka. "Bar shi haka."

Mahauci ya zo da wuƙarsa ta aiki, doguwa. Fanka ya zo da babban gwangwanin tumatir a buɗe, wai jini ne. Ya lallaɓa ya rufe tagogin falo da barguna don ya zama dare. Inna tana zaune a kan tabarma tana tsintar shinkafa a faranti, ta ɗago ta ce, "Auta, hadari ne?" Ya ce, "Eh Inna, hadari ne." Ta ce, "To kwashe shanya." Ya ce ai ya fara.

Sai maganar wanda zai riƙe waya. Fanka ya ce shi Darakta ne, ba ya riƙe komai sai umarni. Ya jawo fankar Yaya ta tsaye, ya ɗaure wayarsa a goshinta da salatif, ya ɗora gwangwanin tumatir a kan kabad kusa da ita, ya fito yana murza hannu.

"Kun ga ilimi? Manyan masu fim mutum suke ɗauka ya dinga juya kyamara. Ni fanka za ta juya min, dama, hagu, ba gajiya, ba ƙorafi."

Tela ya ce, "To ya za mu san mu fara? Mai Aski ya ce akwai abin da ake cewa. In za a tsaya kuma wai kot ake cewa."

"Me ye kot?"

"Wai yanke."

Fanka ya taɓe baki. "Mu ba ma aron baki. In na ce afka, ku afka. In na ce... yanke ba ta da nauyi, kamar maganar ƙumba. Yanka! In na ce yanka, kowa ya tsaya cak."

Mahauci ya ɗaga kai ya nemo shi ta ramin goshi. "In ka ce yanka in tsaya?"

"Eh."

"Ni tun ina yaro in aka ce yanka, farawa nake yi."

"Yau ka bar yarinta. Kai Tela ta ƙofa, kai kuma ta tagar kicin."

"Ƙofar ai a buɗe take, me zai hana mu bi tare?"

"Ka taɓa ganin mugu ya bi layi? Taga!"

Tagar kicin tana kallon lungu, kuma ƙarfe ɗaya ya fita daga cikinta tun lokacin da Fanka ya cire shi zai yi eriya. A idon Fanka wurin ya isa mutum. A idon Allah kuwa Mahauci mutum biyu ne da rabi.

Fanka ya koma falo, ya kunna fankar, ya laɓe bayan kujera ya ce, "Afka!"

Aka ji takun Tela. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire takalmi ya jera su gefe, ya ce, "Salamu alaikum."

"Yanka! Yanka!" Fanka ya yi tsalle. "Wane irin mugu ne ke sallama?"

"Bakina ne ya saba."

"Koma! Kuma sa takalminka!"

"A kan ledar Yaya? Kai ka sa naka mana."

Fanka ya dubi ledar, ya dubi ƙafarsa, ya ce to a bar takalmin. Aka sake. Tela ya shigo da sanɗa, hannu a sama kamar zai kama kaza. Daidai nan fankar ta juya kanta ta kalli bango.

"Tsaya! Jira ta juyo!"

Tela ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Fankar ta gama kallon bango a natse, ta dawo a hankali, ta huro masa iska, rigar filon ta kumbura ta zama kamar balan-balan. Kafin ya sauke ƙafa ta wuce shi ta tafi kallon kabad.

"Ka yi sauri in ta zo! Ba ta jiran kowa!"

Inna ta ɗago daga faranti ta ƙare wa abin da ke tsaye a gabanta kallo, tun daga furannin kai har zuwa safa mai huji. Fanka ya kasa kunne. Yanzu za ta ƙwalla. Yanzu.

"Tela," ta ce, "ina rigata?"

Tela ya ce, "Grrr."

"Ba gobe ba, yau. Tun yaushe kake ce min gobe? Ga tef ɗinka a wuya kana yawo gidajen mutane. Zauna nan."

Tela ya durƙusa. "Ina wuni, Inna."

"Me ya samu kanka? Haƙori ne?"

"A'a, Inna."

"In haƙori ne a cire, ɗaurewa ba ta magani. Ungo, taya ni tsinta, duhun nan ya hana ni ganin tsakuwa." Ta tura masa farantin. Sai ta matso, ta kama gefen rigar filon ta murza da yatsu. "Wannan ba rigar filon yayarku ba ce? Wadda ta hana kowa kwanciya a kai?"

Fanka ya ji wani sanyi ya bi ta bayansa, kuma ba na fankar ba ne. Ya ce a ransa, za a ɗinke, Tela ne ya huda, Tela zai ɗinke. Ƙara ɗaya kawai ake nema. Ai saura Mahauci da wuƙa.

Sai aka ji murya daga kicin, a shaƙe. "Darakta. Darakta!"

Ya ruga. Ga kan Mahauci da kafaɗu da hannu ɗaya mai wuƙa a cikin kicin, a saman wurin wanke-wanke. Sauran Mahauci yana lungu.

"Shigo mana!"

"Ciki ya ƙi."

"To koma!"

"Ƙirji ya ƙi."

Fanka ya kama hannun ya ja, Mahauci ya yi ƙara. Ya dafa kansa ya tura, Mahauci ya yi wadda ta fi ta. Ya zuba masa sabulun wanke-wanke a wuya, ba abin da ya motsa sai kumfa.

"Shikenan, a haka ma ya yi," in ji Fanka yana haki. "Mugu rabi ya fi mugu cikakke ban tsoro, don ba a san iyakarsa ba. Bari in kawo maka Inna."

Ya jawo fankar har ƙofar kicin iya tsawon igiyarta, ya je ya ce wa Inna da ƙarfi ana sallama da ita a kicin. Ta tashi da ƙyar tana mita, ta dafa bango ta zo. Fanka ya koma bayanta ya ɗaga murya yadda Mahauci zai ji ta cikin rigar filo.

"Ga ta nan! Afka mata! Afka!"

Mahauci ya ɗaga kai sama yana neman ramin gani, ya kaɗa wuƙa a iska ya ce, "Wooo!"

Inna ta tsaya. Ta dubi hannun, ta dubi wuƙar. Ta cire silifas ɗinta ta ɗaɗa masa a tsakiyar furen.

"Kai ne! Na gane wuƙar. Kai ne ka cika min leda da ƙashi ka ce tsoka ce. Haƙora nawa suka rage min da za ka ba ni ƙashi?"

"Inna, wallahi yarona ne ya auna."

"Ƙarya kake!" Ta ƙara masa.

"Darakta, ka ce wani abu mana!"

Fanka ya ga fankar ta juya tana kallon bokiti, komai ya lalace, ya daka ihu iya ƙarfinsa. "Yanka! Na ce yanka! Ba ka ji ba ne? Yanka!"

"Wa zan yanka?" Mahauci ma ya daka nasa. "Tsohuwar?"

"Yanka kawai! Kowa da kowa, yanka!"

To abin da Fanka ya manta shi ne, bayan tagar nan lungu ne, kuma a lungun nan Maman Tagwaye take shanya. Mace ce da in ta ji an yi tari a gida na uku sai ta san ko na mura ne ko na gulma. Ta ji afka mata. Ta ji wa zan yanka, tsohuwar. Ta leƙo ta ga ƙafafun ƙato suna wutsil-wutsil a tagar maƙwabta. Ta saki kwandon kaya ta ɗora hannu a ka.

"Jama'a ku taimaka! Ɓarayi! Za su yanka Inna! Wayyo sun yanka ta!"

Kafin ka ce kwabo layin ya tashi. Mai faci ya taho da ƙarfen taya, mai wanki da dutsen guga, mata da tsintsiya da muciya, wani tsoho da ba wanda ya san shi ya zo da kujerar roba. Mai Aski ya fito da wanda yake yi wa aski, rabin kai fes rabi daji. Suka tarar da rabin Mahauci a lungu, ba su tsaya tambaya ba.

A cikin kicin sai aka ga Mahauci ya fara rawa yana kuka. "Wayyo! Ana dukana ta baya! Darakta, wannan ma a cikin fim ɗin yake?"

Inna ta ce, "Alhaki ne," ta ƙara masa ta gaba.

Fanka ya ji hayaniyar, ya ji ana cewa a kewaye gidan, a fito da shugabansu. Ya juya zai gudu, ya harɗe da igiyar fanka, fankar ta yi baya ta daki kabad, gwangwanin tumatir ya tuntsuro a kanta. Murfinta na gaba dama tun tuni Fanka ya ara bai mayar ba. Fukafukan suka karɓi tumatir ɗin suka raba wa kowa hakkinsa: bango, silin, labule, Tela da farantin shinkafa, farin yunifom ɗin Yaya na gobe da ke rataye a ƙofa, da Inna tun daga goshi har zani.

A waje kuma aka fara dukan ƙofar falo. Ƙofar ba a kulle take ba, jawowa ake yi, amma mutum goma suka haɗu suna turawa. Tela ya ce, "Ku ja! Ku ja!" Suka ji kamar ana cewa ku zo, suka ƙara ƙarfi. Ƙofar ta fita da ƙusoshinta ta kwanta a tsakiyar falo.

Fanka bai ga wannan ba. Yana jin bugu na farko ya faɗa ɗakin Yaya, ya shige wadrob ya ja murfi. Yana ciki a cikin duhu, tsakanin riguna, yana jin takun mutane a cikin gidan, ana buɗe ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, ana cewa yana nan, bai fita ba, duba ƙarƙashin gado. Ya toshe bakinsa da hannun rigar Yaya. Duk addu'ar da ya sani ta gudu, sai ta shiga banɗaki ce kaɗai ta zo masa, ita ya yi ta karantawa.

A falo mutane suka yaye bargo, haske ya shigo, suka ga Inna tsaye ja jawur. Maman Tagwaye ta zube a ƙasa tana birgima. Mai wanki ya fara salati. Inna ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta lakato goshinta da yatsa ta ɗanɗana.

"Na gwangwani ne," ta ce. "Wa ya mutu kuka cika min ɗaki?"

Aka cire wa Tela rigar filo, aka gan shi riƙe da faranti. Aka cire wa Mahauci, Mai Aski ya leƙa kicin, ya koma lungu ya leƙa, ya dawo ya ce, "Ku daina dukan can, na nan ne." Sai ya tsaya ya dubi fankar da waya a goshi, ya dafa bango, dariya ta hana shi magana. Da ƙyar ya ce, "Ina Darakta?"

Wanda aka yi wa rabin aski ne ya buɗe wadrob. Fanka ya ɗago ya ga mutum da rabin kai da almakashin Mai Aski a hannu, ya ƙwalla wata irin ƙara, siririya, doguwa, har karnukan layin baya suka amsa.

Ana fito da shi da ɗankwalin Yaya a kafaɗa, sai ga Yaya.

Ashe tun ihun farko wata ta buga mata waya ta ce an yanka Inna. Ta baro asibiti a guje, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hanya, hula ta faɗi ba ta sani ba. Ta ratsa mutane ba ta ganin kowa, ta faɗa kan Inna ta rungume ta tana shafa wuyanta, tana juya ta, tana neman ciwon. Har Mai Aski ya daina dariya.

Inna ta ce, "Ke lafiya? Za ki karya ni. Tumatir ne."

Yaya ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Da ta buɗe fuskar, idon ya bushe. Ta dubi ƙofa a kwance. Ta dubi yunifom. Ta ɗauki rigar filo ta zura yatsu biyu a ramukan. Sannan ta dubi ƙaninta.

"Auta."

"Na'am Yaya. Yaya, in kika ji bayanin..."

"Wa ya ce a yanka uwata?"

"Ba yanka na yanka ba ne, Yaya. Yanka na tsayawa ne. Kalmar aiki ce, ta masu fim."

"A wane gari yanka take nufin tsaya?"

Mahauci ya ce daga kicin, "Na faɗa masa, Hajiya."

"Kai kuma rufe min baki, ka toshe min taga." Ta juyo. "Fim ka ce? To kunna. Tunda an tara jama'a, a kalla."

Fanka ya ji wani ɗan fata ya taso masa. Wa ya sani, ko in ta ga aikin ta huce. Ya ɓare wayar daga salatif, ya goge tumatir da gefen riga, ya ɗaga ta sama, mutane suka matso har da masu leƙe ta kafaɗa.

"A yi shiru," ya ce. "Mai ciwon zuciya ya fita."

Aka ga bango. Bangon ya tafi a hankali, aka ga kabad. Kabad ya tafi, aka dawo bango. Ba a jin komai sai fuuuu. Can aka ga wani abu mai furanni ya wuce da ƙafa ɗaya a sama, kafin a gane shi an koma bango.

"Nan ne ake gina tsoron," in ji Fanka.

Aka ga agogo. Aka ga gwiwar Inna. Aka ga bokiti, an daɗe a kan bokiti. Daga nan komai ya yi ja, sai silin yana juyawa.

Tsohon nan mai kujerar roba, wanda ya riga ya zauna a kanta, ya ce, "Bokitin ne ɓarawon?"

Mai wanki ya ce, "Ni dai bangon ya fi burge ni, ya iya tsayuwa."

Mai Aski ya share hawaye ya ce, "Darakta, na nemi gafarar fim ɗin jiya. Shi aƙalla an ga mutane."

Sai can ƙarshe, a kan silin ja, aka ji ƙarar nan siririya ta taso daga nesa. Duk da an san ta, sai da mata biyu suka dafe ƙirji.

Fanka ya yi wuf ya nuna su. "Kun gani! Kun gani, Yaya? Sun tsorata! Wannan ƙarar kaɗai..."

"Wacece wannan baiwar Allah?" in ji Inna, don ita ma wannan ta shiga kunnenta. "A taimaka mata mana."

Falon ya fashe. Maman Tagwaye da ta gama birgimar kuka ta koma ta dariya. Yaya ce kaɗai ba ta yi ba. Ta miƙe, ta bi ta tsakiyar mutane ta fita bayan gida. Aka ji ƙarar ƙofar ɗan ɗakin. Sai ga ta ta dawo tana jan katifa da hannu ɗaya, ta bi da ita ta kan ƙofar da ke kwance, ta kai ta har titi ta saki. Ta koma ta kwaso buhun kayansa da takalmansa ta ɗora a kai. Ta sa kwaɗo a ɗakin, ta jefa makullin a aljihu.

"Yaya, don Allah. Don darajar Inna."

"Innar da aka yanka?"

"Zan gyara ƙofar. Zan wanke bango. Fankar ma..."

"Ka taɓa min wani abu a gidan nan sai na yi maka allurar da ba a yi wa mutane." Ta dubi taron. "Na gode, kowa ya kama gabansa. Mai faci, a ɗaga min ƙofar nan a jingina. Tela, ka tafi da rigunan filona, in na ga alamar ɗinki a jiki kai ma ka nemi gari."

Aka watse ana ta maimaita yanka, yara suna bin junansu da ita har bakin titi.

Saura Mahauci. An ja, an tura, an ƙarar da man girki a kansa, bai motsa ba. Aka aika wa mai walda, aka ce ya tafi ƙauye sai gobe. Yaya ta ce to ya kwana nan, ita ba za ta fasa bango saboda shi ba. Aka sa masa benci a lungu ya ɗora gwiwoyi.

Da rana ta yi sanyi Fanka ya jawo katifarsa cikin lungun, don nan ne kaɗai ba a nuna shi da yatsa. Ya zauna kusa da ƙafafun Mahauci. Ƙamshin girki yana fitowa ta gefen haƙarƙarinsa. Daga ciki ana jin Inna tana cewa, "Buɗe bakin, ɗan nema. Ka ji yadda tsoka take, ba irin taka ba." Ana jin cokali yana taɓa kwano.

Fanka ya haɗiye miyau. Ya ɗan ja ƙafar wandon Mahauci.

"Mutumina. Yaya tana kusa?"

"Tana nan," aka amsa da cikakken baki.

"Ka ce mata na tuba. Ka ce ko a kicin ne zan kwana, a ƙasa, ba filo. Ka faɗa da murya mai ban tausayi."

Aka yi ƙus-ƙus a ciki. Fanka ya manna kunne a bango, kai ya kasa juyawa ko dama ko hagu. Mahauci ya gama taunawa a natse, ya sha ruwa, ya yi gyatsa har benci ya motsa.

"Me ta ce?"

"Ta ce rabin wawa ma ya ishe ta a cikin gida."